Shin dogon bututu yana ƙara wa bindigar fenti cin zango da saiti?

Tambaya: Ina da bindigar wasan fenti (paintball) ƙirar Tippmann 98 Custom, da bututun da ta zo da shi mai inci 8.5. Wasu a filin da muke wasa sun ce in sayi mai inci 18 ko 21, wai zai ƙara mata nisa da saiti. Shin da gaske tsawon bututu yana wannan aikin? Wane tsawo ya kamata in saya?

Amsa: Kada ka sayi mai inci 21 don neman nisa ko saiti, domin ba zai ba ka ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsawon bututu yana da tasiri, amma a wasu wurare ne daban: yawan iskar da kowane harbi ke ci, ƙarar bindiga, da yadda take zama a hannu. Masu ba ka shawarar sun ɗauko hukuncin bindigar harsashi ne suka ɗora wa ta fenti, alhali aikinsu ba iri ɗaya ba ne.

A bindigar harsashi, iskar albarushin da ya ƙone tana ci gaba da tura harsashi har bakin bututu, kuma babu wanda ya ƙayyade masa gudu, don haka ƙarin tsawo yakan zama ƙarin gudu. A wasan fenti kuwa gudun yana da iyaka da doka ta sa. Yawancin filaye suna tsayar da shi tsakanin ƙafa 280 zuwa 300 a sakan ɗaya, wato kusan mita 85 zuwa 91, filayen cikin gini ma sukan sauko ƙasa da haka. Kafin ka shiga fili sai ka harba a kan na'urar auna gudu, in ka haura iyaka a sa ka rage. To ka ga ko bututunka inci 8 ne ko 21, ƙwayar fentin da ke fita daga bakinsa da gudu ɗaya take fita. Da zarar ta bar baki kuma, bututu ya gama nasa. Abin da ya rage shi ne nauyinta, siffarta, da iskar da take ratsawa. Ƙwaya biyu masu nauyi ɗaya da suka tashi da gudu ɗaya a kusurwa ɗaya, wuri ɗaya za su je su faɗi.

Kuma iskar sarari ba ta raga wa wannan ƙwayar. Faɗinta inci 0.68 ne, kusan milimita 17, nauyinta bai wuce giram 3 da ɗan kaɗan ba. Abu mai faɗi haka marar nauyi yana saurin rasa gudu. In ka yi lissafin jan iska, za ka ga kafin ta kai mita 30 ta rasa kusan rabin gudunta, ta kuma sauka ƙasa da wajen mita 1 in an harba ta a miƙe. Shi ya sa ko da za ta iya kai mita 80 ko 90 in an ɗaga baki sama, ba kasafai take fashewa a jikin mutum a can ba, sai dai ta buge shi ta faɗi. Babu wani tsawon bututu da zai gyara wannan.

Ga abin da ke faruwa a cikin bututun kansa. Idan ka ja kunama, bawul yana buɗewa na ɗan lokaci ƙanƙani, ya saki iska gwargwado, ya rufe. Wannan iskar ce kaɗai za ta yi aikin, babu ƙari. Tana faɗaɗa a bayan ƙwaya tana tura ta, kuma duk inci ɗaya da ƙwayar ta matsa gaba, sararin da ke bayanta yana ƙaruwa da kusan mililita 6. Sarari na ƙaruwa, matsi na raguwa. A incin farko turin yana da ƙarfi sosai, zuwa inci na 6 ko na 8 ya ragu ƙwarai, can gaba kuma sai ya kai inda bai fi gogayyar ƙwaya da bangon bututu da nauyin iskar da ke gabanta ba. Kamar masu tura motar da ta mutu ne: a farko ƙarfinsu ne ke motsa ta, amma in ta ɗauki gudu sai su koma bin ta kawai hannunsu na jikinta. Daga wannan gaɓar, duk wani tsawon da ya rage ba ya ƙara komai, in ma ya yi yawa sai ya fara rage gudun.

Tom Kaye, wanda ya kafa kamfanin Airgun Designs a Amurka ya kuma ƙera bindigar Automag, yana cikin waɗanda suka fara auna wannan da na'urori, kuma abin da ya bayyana shi ne ƙwaya tana samun gudunta ne a cikin inci 8 zuwa 10 na farko. Wannan adadin ba ƙa'ida ce da ta hau kan kowace bindiga daidai wa daida ba. Bindigogin zamani masu aiki da ƙaramin matsi, psi 100 zuwa 200 (psi ma'aunin matsin iska ne), suna sakin iska mai yawa a hankali, don haka sukan ci gaba da turi zuwa inci 12 ko ɗan fiye. Irin taka mai aiki da babban matsi, wajen psi 800, tana bugun ƙwaya da ƙarfi tun farko ta gama da wuri. Amma a duk cikinsu babu wadda ke buƙatar inci 21.

Gajeren bututu ma yana da nasa farashin. Ƙwaya mai giram 3 da ke gudun mita 90 a sakan tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen jul 12 (jul ma'aunin ƙarfi ne). In za ka ba ta wannan ƙarfin a cikin inci 10, matsakaicin matsin da ake bukata a bayanta wajen psi 30 ne. In ka ce sai a cikin inci 5, matsin ya ninka. Ma'ana sai ka buɗe wa bindiga iska fiye da da, kuma iskar za ta fito daga baki da sauran ƙarfinta ba ta gama aiki ba. Sakamakon abu uku ne: tanki yana saurin ƙarewa, ƙarar harbi tana ƙaruwa don iska mai matsi ce ke fashewa waje, kuma ƙwaya mai siririn ɓawo tana shan bugu mai tsanani. Dogo sosai kuma yana cin iska ta ɗaya gefen, domin sai ka ƙara gudu a farko don cike abin da gogayya za ta cinye a ƙarshe. Tsakiyar nan, daga inci 8 zuwa 14, nan ne iska ke yin aiki mafi yawa da mafi ƙarancin asara.

Akwai abin da yawancin masu saye ba sa dubawa, kuma ya fi tsawon da aka rubuta a kwali muhimmanci: ƙananan ramukan da ake hudawa a jikin bututu. Da zarar ƙwaya ta wuce ramin farko, iskar da ke bayanta ta sami mafita, turi ya kusa ƙarewa. Saboda haka tsawon da ke aiki shi ne daga gindin bututu zuwa ramin farko. Bututu mai inci 16 da ramukansa suka fara a inci na 6, a wajen turi gajere ne, kuma zai fi mai inci 12 da ramukansa suka fara a inci na 9 cin iska. Idan ka riƙe bututu a shago, auna wannan tazarar tukuna. Amfanin ramukan shi ne rage ƙara: suna barin iska ta fita kaɗan-kaɗan maimakon ta fashe gaba ɗaya a baki. Wannan ne dalilin da ya sa dogon bututu mai ramuka da yawa yake da taushin murya, kuma wannan amfani ne na gaske ga mai wasa a daji da ba ya son a gane inda yake. Sai dai da iska ake sayen shirun.

Haka abin yake a bututu mai gida biyu. Gidan baya shi ne mai matsattsen ciki da ke riƙe ƙwaya, gidan gaba kuma cikinsa ya fi faɗi, galibi shi ke ɗauke da ramuka. Canza gidan gaba daga gajere zuwa dogo yana canza tsawon da ido ke gani da ƙara, amma bai cika taɓa gudu ba. A tsarin Freak, wanda ake zura siraran bututai masu faɗi daban-daban a cikin gidan baya, na asalin tsawonsu inci 5 ne, sai daga baya aka fito da Freak XL mai inci 8, kuma dalilin ƙarin shi ne a tsawaita wurin da iska ke turi ba tare da ta tsere ba.

Batun saiti shi ne inda na fi son ka natsu, domin nan ake asarar kuɗi. Tunanin mutane shi ne dogon bututu yana daɗa miƙar da ƙwaya kafin ya sake ta. Amma karkacewar ƙwayar fenti ba a cikin bututu take faruwa ba, a sarari take faruwa. Ƙwayar ɓawon gelatin ce cike da ruwa mai kauri, tana da ɗinki a tsakiya inda aka haɗa rabi biyu, kuma ba ta taɓa zama mulmulalliya ɗari bisa ɗari. Yayin da take ratsa iska, guguwa ƙanana suna tashi a bayanta, yanzu ta wannan gefe, an jima ta wancan, ba tsari. Kowace tana ɗan ture ta. Kafin ta kai mita 20 waɗannan ture-turen sun taru sun kauce da ita daga layi, kuma ta wace fuska za ta kauce babu mai iya cewa. Ko bututun ya riƙe ta na inci 10 ko na inci 20, wannan abin yana jiran ta a waje. Inci kaɗan na farko sun isa su ba ta alkibla.

Abubuwan da ke matse harbinka wuri ɗaya su ne waɗannan, bisa girman tasirinsu. Na farko ingancin fenti: sabo, mulmulalle, marar lotsawa, marar maiƙo a jiki. Buhun fenti mai kyau a bututun da bindiga ta zo da shi ya fi fenti mai araha a bututu mafi tsada. Sai tsabtar ciki. Ƙwaya ɗaya in ta fashe a bututu, duk waɗanda suka biyo baya za su ɗebi danshi a gefe ɗaya su riƙa juyawa suna lanƙwasa hagu da dama, har sai ka zura magogi ka share. Sai daidaiton gudu daga harbi zuwa harbi. In na'ura tana nuna 278, 281, 280, 283, lafiya lau. In tana nuna 262, 295, 274, to harbinka zai riƙa hawa da sauka, kuma laifin yana ga tanki, ko regileta mai daidaita matsin iska, ko robobin hana yoyo da suka bushe, ko fenti mai girma daban-daban.

Faɗin cikin bututu ya fi tsawonsa shafar wannan daidaiton. Ana cewa duk ƙwaya inci 0.68 ce, amma a zahiri takan kama daga wajen 0.679 zuwa 0.690, fentin yanzu ma ya fi karkata ga ƙanƙanta, alhali bututan da bindigogi ke zuwa da su galibi masu faɗi ne. Gwajin mai sauƙi ne. Cire tanki, kwance bututun, ka ɗebo ƙwaya 10 daga buhun da za ka yi wasa da shi. Saka ɗaya ta gindi ka tsayar da bututun. In ta zurare ta faɗo da kanta, cikin ya yi mata faɗi: iska za ta riƙa tserewa ta gefenta, ka ci iska da yawa. In ta tsaya amma hura baki ɗaya ya fitar da ita, sun dace. In ka hura har kumatu suka yi ciwo ba ta motsa ba, ya matse da yawa, kuma in fentin mai gautsi ne zai iya fashewa. A gwada duka goman, domin ƙwaya ɗaya ba ta wakiltar buhu. Ƙwararru da yawa sun fi son bututun da ya ɗan fi ƙwaya matsewa da inci 0.003 ko makamancin haka, don yana rufe iska sosai kuma gudu yana daidaita. A bindigar da sakatarta ke rufe kafin harbi, irin Autococker da masu famfo da hannu, faɗin da ya yi yawa yana da wata illa: in ka sunkuyar da baki ƙwayar sai ta gangaro ta faɗi ƙasa. Taka ba ta cikin wannan rukunin, tana da ɗan harshe mai tare ƙwaya.

Girman ƙwaya kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Gelatin yana shan danshi. Da damina, buhun da aka bari a buɗe na awa kaɗan zai kumbura ya yi laushi, bututun da ya dace da safe ya matse da yamma. A sanyi da bushewar hunturu kuma ɓawon yana gautsi. A ajiye fenti a rufe, a inuwa, kada a bar shi a cikin mota a rana.

In CO2 kake amfani da shi, kamar yadda masu Tippmann da yawa ke yi, akwai ƙarin bayani. CO2 ruwa ne a cikin tanki, sai ya zama iska kafin ya yi aiki, kuma matsinsa yana bin zafin gari: kusan psi 850 a digiri 21 na Salsiyas, ya haura 1,000 a digiri 30. A ƙasashe masu sanyi yana jinkirin faɗaɗa, shi ya sa bututu mai inci 12 zuwa 14 yake ɗan taimaka masa ya gama aikinsa. A gari mai zafi matsalar ta juye: tankin da ya sha rana yana iya tura gudu ya haura iyaka ba ka taɓa komai ba, harbi da sauri a jere kuma yana sanyaya tankin gudu ya faɗi. Wannan hawa da saukan ya fi duk abin da tsawon bututu zai iya yi girma nesa ba kusa ba. In filinku yana cika tankin matsattsiyar iska, mai psi 3,000 ko 4,500, komawa gare shi zai gyara saitinka fiye da kowane sabon bututu.

Bututan da ke ƙara nisa da gaske suna nan, amma ba da tsawo suke yi ba. Flatline na Tippmann lanƙwasasshe ne, yana sa ƙwaya ta riƙa juyawa baya, juyawar tana ɗaga ta a iska ta daɗe ba ta sauka ba. Bututun Apex ma yana sa ta juya haka, sai dai shi a bakinsa ake daidaita juyawar. Nisan yana ƙaruwa, amma ƙwayar tana isa can a gajiye, sau da yawa ba ta fashewa, kuma in ka karkata bindigar gefe harbin ma ya karkata. Sai harsasan First Strike masu fika-fikai a baya, waɗanda siffarsu ce ke sa su tafi nesa a miƙe. Su kuma suna buƙatar bindigar da aka yi don su, suna da tsada, kuma ba kowane fili ke yarda da su ba.

To me ya sa 'yan gasa suke riƙe inci 14, wasu 16? Don hannu da ido ne. Bututu mai ɗan tsawo yana sauƙaƙa nuna wuri, domin ido yana bin layinsa, musamman da yake ba a saka ido a madubin saiti a wannan wasa. Yana kuma ba su damar danna gefen shingen roba mai iska su harba ba tare da sun fito da jiki ba. Daga inci 18 zuwa sama kuwa illa ta fi amfani. Nauyi yana komawa gaba hannu ya gaji, bakin yana leƙowa daga mafaka kafin kai ka ga abokin karawa, yana maƙalewa a rassa da ƙofofi, magoginka na iya kasa kai ƙarshensa, kuma a dokar yawancin filaye in fenti ya fashe a jikin bindigarka ka fita.

A ganina, ga Tippmann 98 ɗinka, mai inci 12 ko 14 ya wadatar, wanda ramukansa ba su fara ba sai bayan inci 8, mai santsin ciki. In ka ga sauyi bayan ka saka shi, daga santsin cikin da dacewar faɗinsa ne da raguwar ƙara. In wasanku a matsattsen wuri ne, cikin gini ko tsakanin tayoyi da katanga, 8.5 ɗin da kake da shi ba shi da laifi. Ka tabbatar wajen murɗawar na Tippmann 98 ne, domin na A-5 daban ne duk da kamfani ɗaya ya yi su, haka na Autococker da na Spyder kowanne daban.

In kana son ka gani da idonka kafin ka kashe kuɗi, ari dogon bututu a fili ka gwada. Ɗaure bindigar a kan tebur ko benci yadda ba za ta motsa ba, domin in a hannu take hannunka kake gwadawa. Kafa kwali mai faɗi a mita 15. Share bututun farko, daidaita gudu zuwa 280, harba 30 a hankali, sakan biyu tsakanin kowane harbi, daga buhu ɗaya. Auna faɗin inda suka taru. Canza bututu, sake daidaita gudu zuwa 280 ɗin dai, canza kwali, ka maimaita. Harbi 5 ko 10 ba sa nuna komai, sa'a ce kawai. Don auna cin iska kuma, in tankin matsattsiyar iska ne, ƙirga harbi nawa ke sauke agogonsa daga psi 3,000 zuwa 2,000 da kowane bututu.

Duk lokacin da ka canza bututu, koma kan na'urar auna gudu kafin ka nufi mutum. Daga mai faɗi zuwa matsattse, ko daga mai ramuka da wuri zuwa mai ramuka a can gaba, gudu yana iya tashi da ƙafa 20 ko fiye ba ka taɓa sukurun daidaitawa ba, kuma gilashin kariyar fuska an gwada shi ne a kan gudun da doka ta yarda da shi. Cire tanki ka harba sauran iskar da ta maƙale zuwa wuri marar kowa kafin ka kwance bututu, kada ka leƙa cikinsa yana jikin bindiga, kuma ka duba jakar rufe bakin bututun da kake da ita ko igiyarta za ta kai ta ɗauru a sabon tsawon.